Desibel Sittin a Ɗakin Dada Yaji

Bango ɗaya ne ya raba injin niƙan Modu da ɗakin Dada Yaji, bangon bulo marar kauri, a wani lungu na unguwar Ngojin a Potiskum. Ta wannan gefen, inji yana tashi tun da hantsi, mata suna jere da robobin masara da gero da jiƙaƙƙen wake. Ta wancan gefen kuwa tsohuwa ce zaune a kan tabarma guda, ta ɗaure kanta da ɗankwali har ya rufe kunnuwa.

Dada Yaji ba 'yar gari ba ce. A ruga ta yi rayuwarta, can bayan Nangere. Ɗanta Ahmadu, dillalin shanu a kara, shi ya ɗauko ta bayan damina saboda ciwon gwiwa. Ya gyara mata ɗaki, ya shafe ƙasa da bango da siminti, ya yi masa sabon rufin kwano. Ta yarda ta zo, amma ta ce ganin likita kawai ya kawo ta, don haka ba ta bari an kwance kayanta ba. Ƙorenta da tabarminta da bargunanta duk suna ɗaure a zaure, an lulluɓe su da tamfol. Abin da ta shiga da shi ɗaki bai wuce tabarma da buta da filo ba.

Da ƙarar injin ta ishe ta, sai ta kira Murjanatu, matar Ahmadu, ta ce, "Ki gaya wa wancan ya nemo mini mota. Zan koma." Ba ta kiran sunan Ahmadu, domin shi ne ɗanta na fari.

Ahmadu ba ya son ta koma inda babu asibiti kusa. Ya kama hannun Modu, suka tafi zauren mai unguwa, Bulama Kaumi.

Da farko Bulama ya ɗauka wasa ne ya kawo su. Ahmadu Bafulatani ne, Modu Babarbare, kuma kowa a unguwar ya san ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

"Bulama, bawan nan nawa ya hana uwata sakat," in ji Ahmadu.

"Ranka ya daɗe, ka ji Bafulatani," in ji Modu. "Mutumin da ya girma cikin kukan shanu da jakuna ne zai ce injina ya dame shi? Ai gata na yi musu. Kiɗan birni suke ji kullum, ko sisi ba na karɓa."

Bulama ya yi dariya har ya gyara hula. Da ya ɗago sai ya ga Ahmadu bai yi dariyar ba. Ya dubi Modu, ya ga shi ma murmushinsa bai kai ido ba. A wurin nan mahaifin Modu ya kafa injin, kuma matan unguwar ne masu kawo masa niƙa. Idan aka ce ya koma bayan gari, ba macen da za ta ɗauki robar masara ta bi shi can.

"To yanzu ni na rasa gane ku," in ji Bulama. "Kai ka ce ƙara ta yi yawa, kai ka ce ba ta yi ba. Ni kuma kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. A kira mini Malam Dalhatu. Na ji an ce akwai abin da ake auna ƙara da shi."

Malam Dalhatu malamin kimiyya ne a makarantar sakandare da ke kusa, mutum mai sanyin magana. Ya ce tabbas akwai irin wannan na'urar a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu. Ya yi musu bayani a hankali: kamar yadda ake auna hatsi da mudu, ita ƙara da desibel ake auna ta. Hirar mutum biyu a zaune takan kai hamsin da wani abu zuwa sittin. Babbar mota idan ta wuce ka a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, ta haura tamanin.

"To nawa ne ya yi yawa?" in ji Bulama.

Malam bai so ya faɗi abu da ka ba. Ya kira tsohuwar ɗalibarsa Khairat a waya, wadda take aiki a wani ofishin kula da muhalli a Damaturu. Ta ce a unguwar da gidaje suka cakuɗa da ƙananan sana'o'i, su sittin suke ɗauka iyaka da rana.

Bulama ya yanke magana. Za a auna a cikin ɗakin Dada Yaji, inji yana aiki. In ƙarar ta haura sittin, Modu ya tashi da injinsa. In ba ta haura ba, Ahmadu ya bar zancen. Duka biyun suka ce sun yarda, kowa yana ganin shi ne zai yi nasara.

Washegari Malam Dalhatu ya buɗe kabad ɗin makaranta ya ciro na'urar. 'Yar ƙarama ce, tsawonta kamar tocilan, da ƙwallon soso baƙi a kanta. Ya goge mata ƙura, ya juya bayanta, sai ya ga an rubuta cewa 'yar aji na biyu ce. Ya tsaya yana kallon rubutun. Ya sha koyar da darasin sauti da ita, yana sa ɗalibai su yi tafi su ga lamba ta tashi. Bai taɓa damuwa da ajinta ba, domin ba a taɓa ɗora abincin wani a kan abin da ta faɗa ba.

Ya sake kiran Khairat.

"Malam, iri biyu ne," ta ce. "Ka san sikelin mai sayar da gwal, ka kuma san sikelin masu buhun wake. Duka suna aiki, amma ba ɗaya ba ne. 'Yar aji na ɗaya ita ce ta gwal. Kuskurenta da ƙyar yake kai desibel ɗaya, kuma tana jin sautin da ya yi ƙasa sosai da wanda ya yi tsini sosai. 'Yar aji na biyu tana iya kauce wa gaskiya da ɗaya da rabi, ko sama ko ƙasa, wani lokacin har biyu."

"Wato tamu maƙaryaciya ce?"

"A'a, Malam. Gaskiya take faɗi, sai dai ba ta ƙididdigewa. In ka auna ka ga saba'in, ko ka ga hamsin, magana ta ƙare, kuskuren biyu ba zai canza komai ba. Inda ake neman aji na ɗaya shi ne in lambar ta tsaya a bakin iyaka, ko in shari'a ce."

"To wannan shari'a ce ko ba shari'a ba?"

Khairat ta ce, "Zauren Bulama dai ba kotu ba ne."

"Amma injin mutum za a tayar."

"Haka ne. Muna da 'yar aji na ɗaya a ofis, amma ba a ba da aronta, sai dai in zo da ita da kaina, kuma sai na nemi izini. Ka fara da ta hannunka. Wataƙila ma ba za ka bukace ni ba."

Malam Dalhatu ya zauna ya auna maganar. Injin niƙa ne, a jikin bango. A ransa ya ce lallai lambar za ta wuce sittin nesa, ko kuwa bangon ya tare ta nesa. Ya sa sababbin batira, ya ɗauki 'yar aji na biyu.

Da ya yi sallama a ƙofar ɗakin Dada Yaji, sai ya ji muryarsa ta dawo masa, kamar wanda ya yi magana a cikin tanki. Ɗakin fayau yake, siminti ƙasa, siminti gefe, kwano sama, taga ba labule. Tsohuwa ta amsa masa daga kan tabarmarta. Suka gaisa, ya tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi. Ta dubi abin da ke hannunsa.

"Wannan ne zai ji abin da nake ji?"

"Shi ne, Dada."

"Allah ya ba shi haƙuri."

Bulama da Ahmadu suka tsaya a bakin ƙofa. Aka aika wa Modu ya tayar da inji ya zuba busasshiyar masara. Malam ya roƙi kowa ya yi shiru, ya miƙa na'urar nesa da jikinsa a tsakiyar ɗaki. Inji ya yi tari, ya kama, bango ya ɗauki rawa.

Lamba ta nuna hamsin da tara. Ta hau sittin da ɗaya. Ta sauko sittin. Malam ya jira, ya sake gwadawa, ya matsa gefe ya sake. Da ya haɗa duka ya raba, abin ya tsaya a sittin da ɗan ɗigo.

Modu ya shigo da gari fari fat a gemu. "Malam, na ci ko na faɗi?"

"Ban sani ba, Modu."

"Ba ka gani ba ne?"

"Na gani. Ta ce sittin da ɗan ɗigo."

"Ya haura ke nan!" in ji Ahmadu. "Babarbare, fara kwance bel."

"Tsaya, Alhaji," in ji Malam. "Wannan na'urar tana iya ƙarawa ko ragewa da kusan biyu. In ta ce sittin, gaskiyar tana iya zama hamsin da takwas, tana iya zama sittin da biyu."

"Hamsin da takwas ne," in ji Modu. "Ni da nake cikin injin na san shi."

"Sittin da biyu ne," in ji Ahmadu.

Bulama ya dafa goshi. "Malam, na kira ka ka raba gardama, ka zo ka ba kowa nasa rabon gardamar ya riƙe."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, kuma wani ya gano cewa ana iya sa abin auna ƙara a waya. Masu keke napep suka ajiye kekunansu a bakin lungu, suka jingina wayoyinsu da bangon Modu. Wayar wani ta ce arba'in da takwas. Ta wani ta ce saba'in da biyar. Wani mai shayi ya rantse tasa ta nuna ɗari, amma daga baya aka gane cajin batirinsa yake karantawa. Duk wanda ya samu lamba sai ya nufi gidan Malam Dalhatu ya nuna masa. Shi kuwa yana ta maimaita musu cewa waya ba ta da aji ko ɗaya, ba ta ɗaya ba ce, ba ta biyu ba, an yi kunnenta ne don magana. Suna gyaɗa kai, suna fita, suna ci gaba da gardama.

Da magariba Modu ya same shi a ƙofar masallaci. Babu wasa a muryarsa yanzu.

"Malam, ni ban iya wata sana'a ba. In za a tashe ni, a tashe ni da gaskiya, ba da wataƙila ba."

Wannan maganar ce ta sa Malam ya sake kiran Khairat. Ya ce mata lamba ta tsaya a bakin iyaka, ta nemo izini ta zo da 'yar aji na ɗaya.

"To in ita ma ta ce sittin da rabi fa?" ya tambaye ta. "Ba kin ce tana da nata ɗan kuskuren ba?"

"Sai Bulama ya yi aiki da kansa, Malam. Na'ura iyakarta ke nan."

Malam ya kashe waya bai ji sanyi a ransa ba. Ya sanar da Bulama, Bulama ya sanar da Ahmadu, Ahmadu ya gaya wa Murjanatu, ita kuma ta shiga ta shaida wa Dada Yaji cewa ranar Asabar wata baƙuwa, ma'aikaciyar gwamnati, za ta taso takanas daga Damaturu ta shigo ɗakinta.

"Mace ce?" in ji Dada.

"Mace ce."

"Ɗakin nan za ta shigo?"

"Nan za ta shigo, Dada. Har ta zauna."

Tsohuwa ta dubi bangon, ta dubi tabarmarta guda.

Ranar Asabar da hantsi Khairat ta sauka daga mota da baƙar jaka mai ƙarfi, irin mai makulli biyu. Ta durƙusa ta gai da Malam, ta gai da Bulama, aka rankaya gidan Ahmadu.

Malam ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya ɗaga labule, sai ya tsaya. Da ma can babu labule. Yanzu ga shi, mai kauri, na saƙi. Ƙasa an shimfiɗe ta da tabarmi, wata kan wata, da buzu biyu a kai. A jikin bangon da ke kallon injin an rataye tabarmin kaba masu zane tun daga sama har ƙasa, an ɗora barguna. A gabansu an yi jeren ƙore, manya da ƙanana, kowace da faifanta, wasu a cikin ragaya suna lilo. An ajiye gado da katifa, an toshe taga da gwado ninki biyu. Dada Yaji tana zaune a tsakiya cikin baƙin zane mai ratsi, da 'yan kunnenta na azurfa.

"Masha Allah," in ji Khairat. "Dada, wannan ɗaki haka! Ƙoren nan duk naki ne?"

"Wasu na uwata ne," in ji tsohuwa, tana kallon gefe don kada a ga daɗin da ta ji. "Zauna, 'yata. Murjanatu, kawo mata fura."

Sai da Khairat ta sha fura aka fara aiki. Ta buɗe jaka ta ciro na'urar, ta kafa ta a kan ƙafafu uku. Ta ɗauko wani ɗan abu kamar kofi ta kifa a kanta, ya yi wani siririn kuka. Ta ce wannan kukan an san ƙarfinsa daidai, da shi ake tabbatar da cewa na'ura ba ta kauce ba. Ta cire shi, ta mayar da soso. Aka aika wa Modu.

Inji ya tashi. Kowa ya yi tsit. Khairat ta bar na'urar ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta duba.

"Hamsin da biyar," ta ce.

"Nawa?" in ji Malam.

"Hamsin da biyar da ɗigo huɗu."

Ahmadu ya leƙo daga ƙofa. "Ba zai yiwu ba. Malam, ba kai ka ce kuskuren ba ya wuce biyu ba? Daga sittin zuwa hamsin da biyar biyu ne?"

"Ba biyu ba ne," in ji Malam a hankali.

"To wallahi Babarbaren nan ya yi wani abu. Jiƙaƙƙen wake ya zuba, ko ya rage wuta."

Aka tafi gaba ɗaya wurin injin. Modu ya buɗe hannu ya nuna musu: busasshiyar masara ce, irin ta rannan, daga buhu ɗaya ma. Ahmadu da kansa ya tsaya a kansa, ya ga an zuba, ya ga an murɗa inji har ƙarshe. Aka dawo ɗaki aka sake aunawa. Hamsin da biyar da ɗigo shida.

"Na gane," in ji Ahmadu. "Na'urar ce Babarbariya. Daga ganin jakarta ka san 'yar uwarsa ce."

"Kunnen manya gare ta," in ji Modu, bakinsa har kunne. "Ba ta jin ƙorafin Fulani."

Bulama bai yi dariya ba. Ya juya wurin Malam. "Wato ta makarantarku ce ta yi mana ƙarya, ta kusa tayar da bawan Allah."

Malam Dalhatu ya sa hannu a aljihu. Ya zo da 'yar aji na biyun a aljihun babbar riga. Ya ciro ta, ya roƙi Khairat ta kifa mata ɗan kofin nan. Ta kifa. Lambar ta fito daidai, ba ta kauce ko da rabin desibel ba. Suka ajiye ta kusa da babbar, inji yana ta aiki, suka sunkuya su biyu suna kallo.

Hamsin da shida.

"Ikon Allah," in ji Bulama. "Ta ga babbar yayarta ta gyara magana."

"Tsoro ta ji," in ji Modu.

Wata maƙwabciya da ke leƙe ta tsakar gida ta ce ita dai ta ji an ce babbar na'urar tana shanye ƙara ne, shi ya sa take da tsada. Wata ta ce in haka ne a bar wa Dada ita mana. Khairat ta yi ƙoƙarin bayani, ba wanda ya saurare ta.

Malam ya koma gefe ya tsuguna. Ya bi abin daki-daki, yadda yake koya wa ɗalibai in lissafi ya ƙi fita. Inji ɗaya ne. Masara ɗaya ce. Bango ɗaya ne. Na'urarsa lafiyarta ƙalau, yanzu aka gwada. Rannan ta ce sittin, yau ta ce hamsin da shida. Ya cire batira ya mayar. Ya duba soso. Ya tsaya daidai inda ya tsaya rannan. Hamsin da shida dai.

"Khairat," ya ce, "ko zafin rana yana…"

Bai ƙarasa ba. Muryarsa ce ta tsayar da shi. Ta fita daga bakinsa ta tsaya nan, ba ta dawo ba. Ya tuna sallamarsa ta ranar farko, yadda ta yi amo kamar a tanki. Ya miƙe, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Tafin ya mutu nan take a cikin barguna.

"Bulama," ya ce, "ba wadda ta yi ƙarya. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Ɗakin ne ba shi ba ne."

"Malam, ka yi mini Hausa."

"Rannan ɗakin nan siminti ne da kwano kawai. Ƙara in ta shigo, sai ta bugi wannan bango ta koma wancan, ta hau kwano ta sauko, tana ta taruwa. Yau ta shigo ta tarar da tabarmi da barguna da katifa, ga taga a toshe. Kayan laushi suna shanye ta. Ba na'urar Damaturu ce ta rage ƙarar ba. Kayan Dada ne."

Khairat ta dubi bangon, ta rufe baki da hannu. "Kai, Malam, ni ban ga ɗakin a da ba. Na ɗauka haka yake."

Ƙugin inji ya ci gaba ta bayan tabarmi.

Ahmadu ne ya fara magana. "To ai shi ke nan. Ɗakin da aka yi alkawari a kansa wancan ne, marar kaya. A sauke kayan, a auna da babbar na'urar, tunda don haka aka kawo ta."

Murmushin Modu ya ɗauke. Ya san in aka sauke, lamba za ta koma bakin sittin, kuma wannan karon na'urar da za ta faɗi ɗigon ba ta da faɗin kuskuren da zai ɓuya a ciki.

"Malam, wanne ne daidai?" in ji Bulama. "Mai kaya ko marar kaya?"

"Wannan ba tambayar na'ura ba ce, ranka ya daɗe. In marar kaya ne, sai 'yar aji na ɗaya, domin a bakin iyaka yake. In mai kaya ne, ko tamu ta makaranta ta isa. Amma wane ɗaki za a auna, ban sani ba."

Bulama ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya dubi Ahmadu, ya dubi Modu. Daga ƙarshe ya durƙusa a bakin tabarma.

"Dada, ɗakinki ne. Kin ji abin da ake ciki. A sauke kayan a auna?"

Dada Yaji ta daɗe tana kallon jeren ƙorenta. Ita da Murjanatu suka yi wunin jiya suna kwancewa, suna wankewa, suna ratayewa, gwiwa tana ciwo tana cewa a miƙo mata na gaba.

"A sauke mini jere," ta ce, "a gaban baƙuwa?"

"Na ɗan lokaci ne, Dada," in ji Ahmadu.

Ba ta dube shi ba. Bulama ta yi wa magana. "Ka gaya wa wancan, ƙwaryar da ke sama ta uwata ce. Ba a rataye ta yau a sauke ta gobe kamar wanki. Wanda ya taɓa mini ita, ni da shi ne." Ta gyara zama. "Nan nake kwana, nan nake salla. Ɗakin ke nan. Abin da ƙarfen ya ji a nan, shi ne."

"To ƙarar fa, Dada?" in ji Khairat.

"Tana nan. Amma jiya na yi barcin rana." Ta kawar da kai, kamar ba ta so faɗin hakan ba. "Na ɗauka gajiya ce."

Ahmadu ya dubi gadon, ya dubi ƙoren da ya yi wata da watanni yana roƙo a kwance. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Bulama," ya ce, "na bar zancen."

"Hamsin da biyar," in ji Bulama, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Modu, injinka yana nan."

Modu ya durƙusa har ƙasa. "Na gode, Dada. Allah ya ƙara lafiya."

"Tashi, bawan gidanmu," in ji tsohuwa. "Geron furata kake ɓarzawa kamar na kaji. Gobe in ya zo da tsaki, ni da kaina zan sauke tabarmin nan in kira yarinyar nan ta dawo."

"Sau biyu zan niƙa shi, Dada. Kuma ina da tsofaffin buhuna da katifar da ba a amfani da ita, zan jera su a bangon ta wajena."

"Ka wanke su tukuna. Na san ƙazantar Barebari."

A hanyar tasha Khairat tana riƙe da jakarta, Malam yana riƙe da 'yar na'urarsa.

"Malam, to wacce ya kamata a ɗauka tun farko?"

Ya yi tafiya kaɗan kafin ya amsa. "Rannan taki ake bukata, ba ta nan. Yau da kika kawo ta, tawa ma ta isa." Ya girgiza kai. "Ranar Litinin zan kai 'yan ajina ɗakin gwaji da barguna. Sai dai ban san ta inda zan fara musu bayanin ba."

Ya tsayar mata da keke napep, ta hau. Da ya dawo ta lungun, inji yana ta aiki, mata suna layi da robobinsu. Ƙofar gidan Ahmadu a buɗe take. Tamfol ɗin zaure yana ninke a gefe, saura ƙunshi ɗaya a ƙasa, Murjanatu tana kokawa da igiyarsa. Daga ciki muryar Dada Yaji tana fitowa, tana cewa a yi a hankali, akwai ludaya a ciki.